Makarantun faransanci a Kanada: wa ke riƙe da makulli, kuma ina ƴaƴan ƴan'uwanmu suka tsaya?

A ƙarshen watan Yunin 2025, ministan ilimi na jahar Ontariyo a ƙasar Kanada, Paul Calandra, ya karɓe ragamar manyan majalisun makarantu guda huɗu daga hannun wakilan da jama'a suka zaɓa, ya ɗora musu masu riƙon ƙwarya. Biyu a birnin Toronto suke, ɗaya a Otawa babban birnin ƙasar, ɗaya kuma a yankin Dufferin-Peel. Hujjarsa ita ce giɓin kuɗi da rashin iya tattali. Bai tsaya nan ba, ya fito ya ce yana nazarin ko ma a soke kujerun wakilan gaba ɗaya, kuma a watan Nuwamba majalisar dokokin jahar ta amince da dokar da ta sauƙaƙa masa karɓe irin waɗannan majalisu. Sai dai ministan da bakinsa ya yarda akwai wurin da hannunsa ba ya kaiwa yadda yake so. Majalisun da ke riƙe da makarantun masu faransanci, da na ƴan Katolika, tsarin mulkin ƙasa ya yi musu katanga. Duka huɗun da ya karɓe na masu ingilishi ne.

Mai sauraronmu da ke Dakoro ko Matamaye zai iya cewa, mu da ke fama da azuzuwan zana, ina ruwanmu da rigimar makarantun Turawa? Akwai ruwanmu. Ƴan'uwanmu da suka tafi Kanada a ƴan shekarun nan, da yawansu ta ƙofar faransanci suka shiga, kuma waɗannan makarantu ne suke nema wa ƴaƴansu. Sannan mu ma nan gida mun taɓa maganar harshe a 2025, kuma tambayar wa ke da ta cewa a lakwal ɗin gari tana nan gabanmu, ko da ba mu cika yin ta da ƙarfi ba.

Sai mun fara sanin yadda ƙasar take. Kanada jahohi 10 ne da yankunan arewa 3, kuma babu ma'aikatar ilimi ta ƙasa baki ɗaya kamar tamu ta Yamai. Kowace jaha ita ke da makarantunta. A jahar Kebek, inda Monriyal take, masu faransanci ne suka fi yawa, kuma tun dokar 101 ta 1977 ɗan baƙo ba shi da zaɓi a makarantun gwamnati, ta faransanci zai shiga. Ƴan'uwan da ke can wanga zance bai shafe su kai tsaye ba. Maganarmu kan masu faransancin da ke wajen Kebek ne, mutum kimanin miliyan ɗaya, warwatse cikin masu ingilishi. A 1971 su ne kashi 6.1 cikin ɗari na mutanen da ke wajen Kebek. A ƙidayar 2021 sun koma kashi 3.5. Wannan raguwa ita ce ke bayan duk abin da za mu faɗa.

Katangar da ta tsayar da minista ba kyauta aka ba su ita ba. A 1912 gwamnatin Ontariyo ta fitar da wani umarni da ake kira na 17, wanda ya hana koyarwa da faransanci bayan aji biyu na farko. A Otawa akwai wata makaranta mai suna Guigues, inda aka kori wasu malamai mata biyu, ya da ƙanwa ƴan gidan Desloges, don sun ƙi bin umarnin. A watan Janairun 1916 uwayen yara mata suka maido da su cikin aji, suka tsaya bakin ƙofa da dogayen alluran da suke maƙale hulunansu da su, suka hana ƴan sanda shiga. Har yau ana ba yara labarin nan a makarantun can. An daina aiki da umarnin a 1927, aka share shi a 1944, amma sai a 2016 shugabar gwamnatin jahar ta lokacin, Kathleen Wynne, ta nemi gafara a gaban majalisa. A Manitoba ma haka: an cire wa faransanci matsayinsa na hukuma a 1890, aka rufe makarantun harshe biyu a 1916. Tsara guda ta yara ta tashi kakanni na magana ba su ganewa.

A 1969 gwamnatin tarayya ta mai da ingilishi da faransanci harsunan hukuma biyu masu daraja ɗaya. Amma dokar ofisoshin tarayya kawai ta shafa, ba ta kai ga makaranta ba tunda makaranta ta jahohi ce. Sai a 1982, da aka shigar da kundin haƙƙoƙi da ƴanci cikin tsarin mulki, aka samu aya ta 23. Ita ce ta ce ɗan ƙasar da ke cikin tsirarun harshe a jaharsa yana da haƙƙin a koyar da ƴaƴansa da harshen, a firamare da sakandare, da kuɗin gwamnati, matuƙar yawan yaran ya kai.

To an rubuta, amma jahohi da dama suka yi kunnen uwar shegu. Wasu suka ce ga aji nan mun buɗe muku cikin makarantarmu, me kuma kuke so? Uwaye uku a birnin Edmonton na jahar Alberta, Jean-Claude Mahé da Angéline Martel da Paul Dubé, suka kai ƙara. Ranar 15 ga Maris 1990 kotun ƙoli ta ba da hukuncin da ya canza komai. Ta ce ba da aji bai isa ba. Dole tsirarun su riƙe abin da ya shafi harshensu da al'adarsu a makaranta: yadda za a kashe kuɗin da aka ware, wanda za a naɗa darekta, malaman da za a ɗauka da inda za a tura su, tsarin karatun da za a bi. Hujjar alƙalan mai sauƙi ce, kuma duk Bahaushe zai gane ta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu rinjaye, ko da zuciyarsu fara ce, ba za su lura da abin da ke kashe harshen wani a hankali ba. A lura, kotun ba ta ba mutanen Edmonton majalisa tasu ta kansu a ranar ba, ta ce yawan yaransu a lokacin kujeru masu cikakken iko ya ba su cikin majalisar da ke akwai. Amma ƙofa ta buɗe. Manitoba ta kafa majalisar makarantun faransanci a 1994, Ontariyo ta kafa guda 12 a 1998.

Shari'ar da ta fi ba mu sha'awa ƙarama ce, kan motar ɗaukar yara. A garin Summerside na tsibirin Prince Edward, gwamnati ta ce wa uwaye ba sai an gina musu makaranta ba, ga bas zai kai yaransu wata makarantar faransanci a wani ƙauye, tafiyar kusan awa guda. Uwayen suka ƙi. Sun san ba mai ɗora ɗan shekara shida a mota awa guda da sanyin safiyar Kanada alhali ga makarantar ingilishi a bayan gida. A watan Janairun 2000 kotun ƙoli ta ba su gaskiya, ta ce makaranta ita ce cibiyar al'umma, kuma minista ba zai maye gurbin uwaye wajen sanin inda ake buƙatarta ba. Duk wanda ya ga yarinyar da ta ci jarrabawa ta bar karatu don CEG ɗin yana garin da ba ta da mai riƙo, ya san nisa kaɗai na iya rufe makaranta ba tare da an sa mata kwaɗo ba. A jahar British Columbia kuma shekara goma aka yi ana shari'a, daga 2010 zuwa Yunin 2020, kafin kotun ƙoli ta ce ingancin makarantun tsiraru dole ya yi daidai da na masu rinjaye a zahiri, ta kuma umarci jahar ta biya dalar Kanada miliyan 6, sama da miliyar 2 na sefa kenan, saboda shekarun da ta yi tana tauye kuɗin jigilar yara.

An gwada katangar nan sau da yawa, kuma ta tsaya. A 2018 jahar Nova Scotia ta soke duk zaɓaɓɓun majalisun makarantun ingilishi, ta bar ɗaya tak, ta masu faransanci. A 2021 Manitoba ta kawo irin wannan shiri, shi ma ya tsallake ta faransanci, kafin daga baya a janye shi. A Kebek kuma abin ya juya: a 2020 gwamnati ta soke majalisun makarantu, sai masu ingilishi, waɗanda su ne tsiraru a can, suka ɗauki aya ta 23 ɗin nan suka je kotu, suka yi nasara a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatar musu a 2025. Abin mamaki kenan, a wasu jahohin yanzu tsiraru suna zaɓen masu riƙe musu makaranta, masu rinjaye kuwa sai wanda aka naɗa musu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa game da mutanenmu, kuma muna roƙon ƴan'uwa da ke can, da masu shirin tafiya, su karanta nan da kyau.

Aya ta 23 ba ta ce duk mai jin faransanci ba. Da fari ta ce ɗan ƙasa, wato wanda ya riga ya samu takardar zama ɗan Kanada. Mai katin zama na dindindin, da ɗalibi, da mai neman mafaka, duk ba su ciki. Sannan ko ɗan ƙasar ne, sai ya cika ɗaya cikin sharuɗɗa uku: ko faransanci ne harshen da ya fara koya kuma har yanzu yana jin sa, ko ya yi firamarensa da faransanci a cikin Kanada, ko kuma wani ɗansa ya yi ko yana yin karatu da faransanci a cikin Kanada. To a ɗauki mutumin Tasawa da ya yi karatunsa tun daga CI har BAC da faransanci, ya wuce jami'ar Yamai, bai taɓa rubuta wasiƙa da wani harshe ba. Harshen da ya sha a nono Hausa ce. Firamarensa a Tasawa ya yi, ba a Kanada ba. A idon tsarin mulki ba shi cikin masu haƙƙi, ko da ya fi alƙalin iya faransanci.

Wannan ba yana nufin ƙofa a rufe take ba. A Ontariyo akwai kwamitin karɓar ɗalibai, wanda ya ƙunshi darektan makaranta da malami da wani jami'in majalisar makarantun. Suna ganawa da uwaye da yaro, su duba ko ana faransanci a gida, ko yaron zai iya bin karatu. Tun 2009 ma'aikatar ilimin jahar ta nemi a sauƙaƙa wa baƙi masu faransanci wannan hanya, kuma galibi iyalan Afirka masu jin harshen suna samun shiga. A shekarar nan ta 2009 ne kuma jahar ta faɗaɗa ma'anar mai faransanci a ƙidayarta, ta sa duk wanda harshen uwarsa ba ingilishi ba ne ba faransanci ba ne amma yana jin faransanci yana kuma yin sa a gida. Da wannan lissafi sun haura mutum dubu 600 a jahar. Sai dai lissafin jaha bai canza tsarin mulkin ƙasa ba. Ana ƙidaya ka cikin dangi, amma wajen gado sai an yi maka alfarma. Daɗin abin shi ne, in aka karɓi ɗan fari, ranar da uba ko uwa suka zama ƴan ƙasa sharaɗi na uku ya cika, ƙannensa duka sun samu haƙƙi, shi ma in ya girma ya yi firamarensa can, ƴaƴansa sun samu. Don haka makarantar da aka sa ɗan fari a watan farko na isowa, lokacin da mutum ke ta kansa wajen neman ɗaki da aiki, ita ke yanke wa jikoki hanya.

A yankin Arewa maso Yamma na ƙasar, inda a lokacin minista ne ke da ikon karɓar irin waɗannan yara, an hana wasu iyalai, cikinsu har da baƙi, alhali majalisar makarantun faransanci da kanta tana son su. Ranar 8 ga Disamba 2023 kotun ƙoli ta soke matakin. Ba ta ce sun zama masu haƙƙi ba. Ta ce dai dole minista ya auna abin da zuwan yaran zai ƙara wa al'ummar da ke neman ƙarewa kafin ya ce a'a.

Akwai kuma wani tarko da mutane ke faɗawa da kyakkyawar niyya. Makarantun ingilishi suna da wani tsari na tsoma yara cikin faransanci, wanda suke kira immersion. An yi shi ne don ƴaƴan masu ingilishi su koyi harshe na biyu. Majalisar ingilishi ke riƙe da shi, takardun da ake aiko wa uwaye da ingilishi suke, wasan yara a tsakar makaranta da ingilishi yake, kuma ba ya ba iyali haƙƙin da muka faɗa. Uban da ba ya jin ingilishi sosai zai ga ya zama baƙo a karatun ɗansa. Sai a tambaya tun farko: wace majalisa ce ke riƙe da makarantar nan?

Wani abin da ya shafi mafi yawanmu Musulmi shi ne, cikin majalisun faransanci 12 na Ontariyo, 8 na Katolika ne, 4 ne na kowa da kowa, irin su CEPEO a yankin Otawa da Viamonde a yankin Toronto. Duka gwamnati ke biya. A manyan birane akwai zaɓi. A ƙananan garuruwa kuwa makarantar faransanci mafi kusa tana iya zama ta Katolika, ta kowa da kowan kuma sai an sha doguwar tafiya a bas. Kowane gida shi zai auna wa kansa. Abin da ya kamata a sani shi ne wanda ba ɗan Katolika ba, ko an karɓi ɗansa, ba ya zaɓen wakilan wannan majalisa. Ko a ta kowa da kowa ma, ƙuri'a ta ƴan ƙasa masu haƙƙi ce, kuma a rajistar jahar ana ɗaukar kowa mai goyon bayan makarantun ingilishi ne har sai ya cike takarda ya canza da kansa. Ga ajin cike da ƴaƴan Kongo da Kamaru da Jibuti da Maroko da namu, ga teburin masu yanke shawara kuma da yawan uwayen yaran ba su da hanyar kaiwa gare shi tukuna. A ganinmu wannan ne babban raunin tsarin a yau, kuma ba minista ne ya kawo shi ba.

Wajen ayyukan hukuma, asibiti da kotu da ofishin takardu, katangar ba ta kai ta makaranta kauri ba. A jahar New Brunswick ce kawai harsunan biyu suke na hukuma, kuma an rubuta hakan cikin tsarin mulki. A Ontariyo doka ce ta majalisa, wadda aka amince da ita a 1986 ta fara aiki a 1989. Ta ce a yankunan da aka ayyana, sama da 25, har da Toronto da Otawa, mutum na da haƙƙin ofishin jaha ya yi masa aiki da faransanci. Tun 1 ga Afrilu 2023 ma ba sai ka roƙa ba, ma'aikacin ne ya kamata ya fara yi maka tayi, tun daga gaisuwa. Amma ma'aikatun magajin gari ba su cikin dokar kai tsaye, asibiti kuma sai wanda aka ayyana. Kuma abin da majalisa ta bayar, majalisa na iya ragewa.

An ga haka a 1997, lokacin da hukumar da gwamnatin Mike Harris ta naɗa ta ce a rufe asibitin Montfort na Otawa, shi kaɗai ne asibitin koyar da likitoci da faransanci a jahar. Wata tsohuwar magajiyar gari, Gisèle Lalonde, ta ja ragamar masu cewa ba za ta saɓu ba. Mutum kimanin dubu 10 suka taru a watan Maris na shekarar, aka shiga kotu, sai a Disamban 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta ce asibitin ya tsaya. Wanda ya taɓa raka tsohuwa likita, ya ga yadda take kwatanta ciwon cikinta da hannu don ita da malamin asibiti ba sa jin juna, ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da suka yi wa faɗa ba. An sake gani ranar 15 ga Nuwamba 2018, da gwamnatin Doug Ford ta soke shirin kafa jami'ar faransanci ta kuma rushe ofishin kwamishinan da ke sa ido kan dokar, wai don tsimin kuɗi. Ranar 1 ga Disamba dubban mutane suka fita zanga-zanga a garuruwa da dama, wata ƴar majalisa ta jam'iyyarsa, Amanda Simard, kuwa ta riga ta fice daga jam'iyyar. Jami'ar dai ta dawo bayan gwamnatin tarayya ta yarda ta biya rabin kuɗin, ta buɗe a Toronto a 2021. Kwamishinan kuwa bai dawo da ƴancinsa ba, an mai da shi ƙarƙashin wani ofishi. Doug Ford ɗin nan shi ne har yanzu shugaban gwamnatin jahar, kuma Calandra ministansa ne, shi ya sa masu faransancin Ontariyo suke barci da ido ɗaya ko da an ce musu ba su ake nufi ba. Kotu ma ba kullum take ba su ba. A Manitoba, Georges Forest ya ƙi biyan tarar ajiye mota ta dala 5 don an rubuta ta da ingilishi kaɗai, ya ci nasara a kotun ƙoli a 1979. A Alberta, Gilles Caron ya bi irin hanyar da tasa takardar tarar, ya faɗi a 2015.

Duk wannan gini a kan yawan kai yake tsaye. In yara suka ragu, makaranta ta rufe, in mutane suka ragu, ofis ya daina ɗaukar mai faransanci. Ƙidayar 2021 ta gano yara dubu 593 ƴan ƙasa da shekara 18 a wajen Kebek da suka cancanci karatun faransanci, alhali makarantun, sama da 700, ɗalibai kimanin dubu 170 suke da su. Lissafin farko ya haɗa har da na goye, amma duk da haka ratar na da faɗi. Ga dalilin da ya sa Kanada ta juyo wajen Afirka. Tun 2003 ta sa wa kanta burin kashi 4.4 cikin ɗari na baƙin da ke sauka wajen Kebek su zama masu faransanci, ba ta cimma ba sai 2022. Ta ɗaga zuwa kashi 6 a 2024, zuwa 8.5 a 2025. Ruwa ba ya tsami banza. Ƴan'uwa su san cewa ana buƙatarsu, kuma wanda ake buƙata yana da bakin magana. Makarantun nan na kukan ƙarancin malamai, amma mushe ko madam da suka yi shekaru suna koyarwa a nan, in sun isa can sai sun bi dogon layin tantance takardu, wani lokaci su koma aji su sake karatu.

Mu ƙara wata magana wadda ba ta cikin dokar kowa. Yaron da ke faransanci a aji, ingilishi a titi da wayar salula, Hausarsa ce ke biyan kuɗin. Babu aya ta 23 da za ta kare ta a can. Kakar da ke Madawa tana jiran muryar jikanta a WhatsApp, in ba uwa da uba suka dage a gida ba, gaisuwa kawai za ta riƙa samu.

Mu dawo gida. Ranar 26 ga Maris 2025 shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ingilishi da faransanci kuma harsunan aiki. A watan ne kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da faransanci. Kada a yi saurin kwatanta mu da Kanada. A can faransanci harshen nono ne na tsiraru da aka danne, a nan harshen ɗan mulkin mallaka ne da aka ɗora mana ta hanyar lakwal. In ana neman wanda ya yi kama da masu faransancin Ontariyo a ƙasarmu, to ba mu Hausawa ba ne, mu ne masu rinjaye. Bazabarme ne da Bafillace da Buzu da Babarbare da Tubu da Bagurme da Balarabe. Tsarin mulkin 2010 ya kira harsunan dukkan al'ummominmu harsunan ƙasa, sabon kundi ya bar wa guda ɗaya wannan suna, sauran ya lissafa su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar, kuma mun ji ƙorafin da hakan ya jawo. Maganar alƙalan Kanada ta 1990, cewa mai rinjaye ba ya ganin abin da ke cin harshen maƙwabcinsa ko da ba shi da mugun nufi, mu ta fi shafa, kuma gara mu faɗa wa kanmu kafin wani ya faɗa mana.

Na biyu, rubuta harshe a kundi daban, shigar da shi aji daban. Daga dokar Kanada ta 1969 zuwa majalisun Ontariyo na 1998 shekara 29 ne, ga su da kuɗi ga littattafai a shirye. Mu tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta tanadi koyarwa da harsunan gida. Yau sama da shekara hamsin da gwajin farko, mafi yawan yaran ƙauye har yanzu da harshen da ba su taɓa ji a gida ba ake tarbarsu ranar farko. Littattafai, horar da malamai, jarrabawa da harshen da aka koyar, nan aikin yake, kuma ba mu ga kundi ya taɓa buga littafi ba.

Muna da namu ɗan tsarin na sa hannun uwaye, COGES, wanda daga baya aka sake wa suna CGDES. Aikin École pour tous da ƴan Japon suka tallafa, wanda ya fara a jahar Tawa a 2004, shi ya yaɗa al'adar zaɓen mambobinsa ta ƙuri'ar sirri da tsara aikin shekara a gaban taron gari. Ya yi amfani, ba mai musu. Inda kwamitin ke da rai ana ganin yara mata a aji, ana ganin darasin yamma. Amma a duba abin da ke hannunsa: tara gudummawa, kafa rumfar zana, karɓar alli da littattafan rubutu, bin sawun yaron da ya daina zuwa. Ɗaukar malami, riƙe shi kada a ɗauke shi tsakiyar shekara, harshen da za a koyar da yara, inda za a gina aji na siminti, duk ba a tambayarsa. An ba uwaye kaya, ba a ba su makulli ba. Lokacin da wuta ta tashi a azuzuwan zana a Maradi a Nuwamban 2021 ta ci yara sama da 20, bayan irinta a Yamai a watan Afrilun shekarar, babu wani uba a cikin masu kukan da ya taɓa zama a teburin da ake raba kuɗin gini. Tun 2016 aka miƙa wa kananan hukumomi wani ɓangare na sha'anin firamare, kuma tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisunsu, naɗaɗɗun jami'ai ke riƙe da su. Kenan a garuruwa da dama kwamitin makaranta na cikin ƴan wuraren da suka rage da ake jefa ƙuri'a. Duk wanda aka kira taron sabunta shi ya ce yana gona, to ya san abin da ya bari.

A Ontariyo kuwa ranar da za a sa wa ido ita ce 26 ga Oktoba 2026, ranar zaɓen magadan gari da wakilan makarantu. Tambayar da ta taso a 2025 ita ce ko gwamnatin Ford za ta soke kujerun masu ingilishi, kuma in ta bar na masu faransanci, ko za ta bar musu ikon kuɗi da na naɗa shugabanni ko kujerun kawai. In ta taɓa waɗannan, kotu za a koma, da hukuncin Mahé a hannu. Ƴan'uwan da suka riga suka zama ƴan ƙasa kuma suna da yara a makarantun faransanci, su duba tun yanzu a wane ɓangare sunansu yake a rajistar masu zaɓe, don ba a canza shi da kansa.